Baƙuwar Ɗakin Baya

Motar kasuwar Zuru ta sauke ta ana yayyafi,
da akwati guda, da Littafi wanda bangonsa ya saɓule.
Fasto Filibus ya ce daga Haiti take, can bayan teku.
Muka dube ta sama da ƙasa:
baƙa wuluk, kamar ƙanwata Afiniki.
Wata tsohuwa ta gaishe ta da Dakarci, ta ƙara da Hausa,
da ta ji shiru sai ta taɓe baki:
"'Yar wane gida ce take mana girman kai?"

Sunanta Mirlanda. Harshenmu ya gaza,
muka gutsure shi ya koma Landa,
ta amsa.

Ni aka ba ta, don ɗakin bayana babu kowa
tun da Istifanus ya tafi soja.
Daren farko na shimfiɗa mata gado a ƙurya,
da safe na tarar ta ja tabarma bakin ƙofa.
Na mayar. Ta sake ja.
Sai da muka yi wata biyu ta sami kalmomin:
a garinsu ƙasa ta taɓa girgiza,
ɗaki ya zauna a kan mahaifiyarta.
Ban ƙara taɓa tabarmar ba.

Tuwo ya ba ta wuya.
Ta tauna shi kamar nama, yara suka faɗi da dariya.
Ta miƙa wa dattijon majami'a kofi da hagu,
na harare ta, ta ɗauka murmushi ne.
Gaisuwa kuwa, wayyo!
Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ruwa,
ita dai "lafiya" guda ta riƙe kamar sanda,
har ranar da aka ce mata akuyar Damaris ta mutu,
ta ce, "Lafiya lau."

Da yamma takan hau dutsen bayan makaranta
tana neman inda ruwa ya haɗu da sama.
Na ce, nan sai dawa, Landa, dawa har iyakar ido.
Ta sauko, ta murza zangarniya a tafinta,
ta sunsuna, ta ce: "Pitimi."
Ashe suna da ita.
Ashe suna da kuɓewa, suna da turmi.
Ta karɓe taɓarya daga hannuna,
ta yi luguden da ban koya mata ba.
Na tsaya riƙe da ƙwarya ina tunani:
wace kaka ce ta tsallake ruwa da wannan hannu,
ba da sonta ba?

Ta zo ne ta koya mana Magana.
Mu muka koya mata ɗaurin zani,
da gammo, da yadda ake hura wuta da ɗanyen kara.
Zazzaɓi ya kayar da ita cikin Agusta,
na kwana ina jiƙa tsumma,
tana sambatu da harshen da ko Fasto bai sani ba.
"Amin" kaɗai na gane,
nan nake shiga.

Ran Lahadin girbi aka ce ta yi addu'a.
Ta miƙe, zaninta a karkace,
ta ce: "Ubangiji, mun gode da tuwo.
Mun gode da gajiya. Ina gajiya? Babu gajiya."
Ba wanda ya yi dariya,
sai tsohuwar nan ta ranar farko
ta share ido da bakin gyale.

Ta tafi bayan Kirsimeti
da ƙullin daddawa wanda ban san ko za a bar ta ta wuce da shi ba.
Ɗakin baya yanzu buhunan dawa ne a ciki.
Tabarmar tana bakin ƙofa.
Kullum nakan ce gobe zan naɗe.